Rubutun jikin kwali da gwangwani: wa ake rubuta wa a kasuwannin Nijar?

Tun ranar 26 ga watan Maris na 2025, lokacin da aka ƙaddamar da Kundin Sake Gina Ƙasa, Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka koma harsunan aiki. Sai dai duk wanda ya zagaya babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, zai sha wuya kafin ya sami gwangwanin madara ko kwalin biskit guda ɗaya da ke faɗa masa da Hausa yawan sukari ko gishirin da ke ciki. Bayanin yana nan a jikin kaya da yawa, amma da ƙananan baƙaƙe, da harshen da mai saye bai ji, kuma sau da yawa a jikin buhun da ba zai taɓa gani ba.

Maganar ta shafi lafiyar kowane gida. Binciken STEPS da ofishin ministan kiwon lafiya ya gudanar a 2021 da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ya nuna cewa sama da mutum 1 cikin 4 na manya a ƙasar na fama da hawan jini. A ɗaya gefen kuma, binciken SMART na 2022 ya gano cewa kashi 47 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda tamowa. Ƙasar da ke ɗauke da waɗannan kaya biyu a lokaci guda tana buƙatar mai saye ya san abin da ya yi yawa a cikin abincinsa, ya kuma san abin da babu.

Kasuwa ɗaya, harsuna barkatai

Nijar ba ta da teku, kuma mafi yawan abincin da ke zuwa a kwali, gwangwani ko leda daga waje yake shigowa. Kayan da ake lodi a kasuwar Singa ta Kano, su bi ta Jibiya zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, ko ta Kwangwalam zuwa Matamaye da Damagaram, ko ta Illela zuwa Ƙonni da Tawa, da Ingilishi aka rubuta bayaninsu. Taliya da madarar gari da ke gangarowa daga Aljeriya da Libiya ta Agadas na ɗauke da Larabci, wani lokaci tare da Faransanci. Cikin waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Lome akwai masu Turkanci, masu rubutun Sin, da masu harshen Fotugal. A kan tebur ɗaya na mai kantin unguwa ana iya ƙirga harsuna biyar, babu Hausa ko Zabarmanci a ciki.

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa manyan da suka iya karatu da rubutu a Nijar ba su kai 4 cikin 10 ba, kuma adadin ya fi ƙasa a wajen mata, waɗanda su ne ke girki da shayar da yara. Wanda ya yi makarantar allo zai iya haɗa baƙaƙen Larabci a jikin ledar taliya, amma haɗa baƙi daban, gane ma'anar jadawalin sinadarai daban. Shi ma wanda ya yi lakkwal har ya sami BEPC, in aka nuna masa « glucides dont sucres » ko « acides gras saturés », ba lalle ya iya cewa abin ya yi yawa ko bai yi ba. Kamfani ɗaya zai ba da lissafi a kan giram 100, wani a kan abin da ya kira « portion », wanda shi ne ya yanke girmansa. Wani zai rubuta gishiri, wani ya rubuta sodiyom, alhali sai an ninka sodiyom sau biyu da rabi kafin a sami nauyin gishiri.

Shi ya sa mai saye da ya damu yakan tsaya ga abu biyu: ranar lalacewa, sai kuma lambar NAFDAC a kayan Najeriya. Dukkansu suna da amfani. Amma lambar NAFDAC shaida ce ta cewa an yi wa kayan rajista a hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya. Ba ta cewa sukarin da ke ciki kaɗan ne.

Abin da ƙa'ida ta tanada

Ƙa'idojin rubutun jikin abinci na duniya suna fitowa ne daga hukumar Codex Alimentarius, wadda FAO da OMS suka kafa a 1963, kuma Nijar mamba ce a cikinta. Tun 1985 Codex ta tsara abin da ya kamata a gani a jikin duk abincin da aka ƙunshe: sunan abin na gaskiya, jerin kayan haɗinsa, nauyi, sunan mai kamfani ko mai shigo da shi, ƙasar da ya fito, da kwanan wata. Jerin kayan haɗin yana da doka guda mai muhimmanci: abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan sukari ne na farko ko na biyu a jerin, an riga an faɗi gaskiya ga wanda ya iya karantawa.

A 2012 Codex ta ƙara mataki, ta ce ya kamata jadawalin sinadarai ya zama dole: yawan kalori, furotin, sitaci, maiƙo, kitse mai daskarewa, sodiyom da jimillar sukari. A 2021 kuma ta fitar da jagora a kan tambarin da ake sawa a gaban kwali don a gane da kallo ɗaya. Sai dai ƙa'idar Codex shawara ce, ba ta zama tilas sai ƙasa ta mayar da ita dokarta. Kuma ta bar ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko, ƙasar da yanayinta bai ba da hali ba tana iya jinkirta wajabta jadawalin. Ta biyu, ƙananan ƙunshi da faɗinsu bai kai santimita 10 murabba'i ba ana iya ɗauke masu rubuta kayan haɗi da kwanan wata. Takardar da ke naɗe da dunƙulen miya ko alawar yara na cikin wannan rukuni.

A matakin yanki, ƙungiyar UEMOA tana da dokar bai-ɗaya ta 2007 a kan tsaftar abinci da lafiyar dabbobi da tsirrai. A cikin gida akwai doka mai lamba 2015-24 ta 11 ga Mayu 2015 a kan kare masu saye, wadda ta amince da haƙƙinsu na samun bayani a kan abin da suke saye. Akwai hukumar ANMC mai kula da ma'auni da ingancin kaya, akwai ɗakin gwaje-gwaje na ƙasa LANSPEX, akwai ƴan sandan tsafta, akwai kuma ƙungiyoyin kare masu saye irin su ADDC-Wadata. Takardu da ofisoshi ba su yi ƙaranci ba. Matsalar tana tsakanin ofishin da teburin mai awo.

Inda takarda ke ɓacewa

Duk tsarin rubutun jikin abinci an gina shi ne a kan zaton cewa mai saye zai ɗauki kwalin da hannunsa, ya juya shi, ya kai shi gida. A unguwannin Maraɗi ko Tawa ba haka cefane yake ba. Mai ƙaramin ƙarfi yana sayen man girki na dala ashirin a ƙullin leda, an tsiyayo shi daga jarka mai lita 25. Yana sayen tumatirin gwangwani cokali-cokali daga babban gwangwanin da aka buɗe tun safe. Sukari, gishiri, garin madara, duk awo ne. Buhu da jarka da kwali suna tsayawa a wajen ɗan kasuwa, tare da duk abin da aka rubuta a jikinsu.

Garin madara shi ne misalin da ya fi fito da girman lamarin. Wani kaso mai yawa na abin da ake sayarwa da sunan madara a Afirka ta Yamma gari ne da aka cire wa man shanunsa a masana'antun Turai, aka mayar masa da man kwakwar manja da aka tace. Man shanun ana sayar da shi da tsada a can, sauran kuma a turo shi nan a buhu mai kilo 25. Ƙungiyoyin makiyaya irin su APESS da Billital Maroobe, tare da Oxfam, waɗanda suka ƙaddamar da gangamin « Mon lait est local » a 2018, sun nuna cewa wannan gari ya fi madarar gaskiya araha da kusan kashi 30 cikin 100, kuma harajin shigo da shi a buhu kashi 5 ne kacal a tsarin harajin bai-ɗaya na yankin. Makiyayin Dakwaro ko Abalak ba zai iya gogayya da wannan farashi ba.

Codex tana da ƙa'ida ta musamman a kan wannan gari tun 2006. Ta ce kada a kira shi madara zalla, a rubuta cewa haɗi ne da man tsiro, a kuma rubuta gargaɗin cewa bai dace da jarirai ba. Gargaɗin kan kasance a jikin buhu. Amma uwar da nononta ya yi ƙaranci, ko kakar da aka bar wa maraya, ƙulli take saye a wajen mai tebur, fari fat, babu ko harafi ɗaya a jikinsa. Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ita wannan ba ta san abin da ta saya ba, shi ma mai teburin sau da yawa bai sani ba. Haka garin ke shiga kofin mai shayi da nonon leda da ake sha da zafin rana.

Tumatirin gwangwani ma yana da nasa labarin. Ɗan jaridar Faransa Jean-Baptiste Malet, a binciken da ya wallafa a 2017, ya nuna yadda ake cakuɗa wani tumatirin da ake turowa Afirka ta Yamma da sitaci, da dusar waken soya, da launi, ba tare da gwangwanin ya faɗi haka a fili ba.

Gishiri da sukarin da ido bai gani

OMS ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. A sukari kuma, ta ce kada wanda aka ƙara ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kimanin giram 50 a yini, kuma in an tsaya a 25 ya fi.

Idan aka auna kayan yau da kullum da wannan ma'auni, abin na da ban mamaki. Dunƙulen miya, wanda kowa ke kira magi ko wane kamfani ya yi shi, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Gaskiya ne tukunya ɗaya ta mutum goma ce, amma dunƙule uku ko huɗu ake jefawa, a bi da gishiri, wani lokaci a sa kanwa, wadda ita ma sodiyom ne a cikinta. Kwalbar lemo mai santilita 33 na ɗauke da kimanin giram 35 na sukari, wato ƙwayar sukari 7 irin ta shayi. Mai rabin lita ta haura giram 50, ta cinye kason yini ɗaya ita kaɗai. Madarar gwangwani mai kauri da ake zubawa a shayi da burodi, sama da rabin nauyinta sukari ne.

Ko wanda ya iya karatu ba kullum jadawalin ke gaya masa komai ba. A watan Afrilu na 2024, ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan da haɗin gwiwar IBFAN sun fitar da rahoto a kan abincin jarirai na kamfanin Nestlé. Sun gano cewa Cerelac da ake sayarwa a Senegal na da kusan giram 6 na ƙarin sukari a kowane awon ciyarwa, na Najeriya ya kusa giram 7, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu ƙarin sukari ko kaɗan. A ƙasashe da dama ba a ware ƙarin sukarin a jikin gwangwani ba, sai da aka kai ɗakin gwaji. Kamfanin ya amsa da cewa yana bin ƙa'idojin Codex da dokokin kowace ƙasa, kuma ya rage ƙarin sukari a kayan jarirai cikin shekaru goman da suka wuce. Amsar da kanta ta nuna inda gizo ke saƙar: kamfani yana tsayawa ne inda dokar ƙasa ta tsaya. Inda doka ta yi sako-sako, nan ake kai kayan da ba za su shiga wata kasuwa ba.

Darasin Chili da Meziko

Ƙasashen da suka fi nisa a wannan fage ƙasashe ne masu tasowa na Kudancin Amurka. A Chili, wani sanata kuma likita, Guido Girardi, ya jagoranci dokar da majalisa ta amince da ita a 2012, aka fara aiki da ita a watan Yuni na 2016 bayan doguwar taƙaddama da kamfanoni. Dabarar mai sauƙi ce: baƙin tambari mai kusurwa takwas, kamar allon tsayawa na bakin titi, a gaban kwali, mai cewa sukari ya yi yawa, ko gishiri, ko kitse, ko kalori. Abinci mai tauri da ya wuce giram 10 na sukari ko miligiram 400 na sodiyom a giram 100 dole ya ɗauki tambarin. A abin sha, iyakar sukari giram 5 ce a mililita 100. Duk kayan da ke da tambari ko ɗaya ba a sayar da shi a makarantu, ba a tallarsa ga yara ƴan ƙasa da shekara 14, kuma an cire hotunan ƴan tsana daga jikinsa.

Binciken da mujallar PLOS Medicine ta buga a 2020 ya nuna cewa sayen abin sha mai yawan sukari ya ragu da kusan kashi 24 cikin 100 bayan dokar. Abu na biyu da ya faru ya fi wannan muhimmanci ga ƙasa irin Nijar: kamfanoni da yawa sun rage sukari da gishiri a kayansu don su kauce wa baƙin tambarin. Wannan riba ce da ke kaiwa har ga wanda bai taɓa duba kwali ba. Peru ta bi sahu a 2019, Meziko a watan Oktoba na 2020, Brazil a 2022 da nata tambarin. Meziko ta ƙara abu biyu. Da ta ga kamfanoni na maye gurbin sukari da sinadaran zaƙi, sai ta wajabta gargaɗin cewa ba su dace da yara ba. Ga ƙananan ƙunshi kuma, inda babu wurin tambari da yawa, ta sa tambari ɗaya mai lamba daga 1 zuwa 5, gwargwadon yawan abubuwan da suka wuce iyaka. Wannan dabara ta dace da kasuwar da rabinta ƙananan ledoji ne.

Faransa ta bi wata hanya a 2017 da tambarin Nutri-Score, mai haruffa daga A zuwa E da launi daga kore zuwa ja. Ana ganinsa a wasu kayan Turai a manyan kantunan Yamai. Rauninsa shi ne na ganin dama ne: kamfanin da ya san zai sami E sai ya ƙi sawa, kuma wasu manyan kamfanoni sun cire shi daga wasu kayansu bayan an tsaurara lissafin. A nahiyar Afirka, Afirka ta Kudu ta fitar da daftarin dokar tambarin gargaɗi a 2023. Kawo yanzu babu ƙasar Afirka ta Yamma da ta wajabta irinsa. Ya kamata kuma a faɗi cewa har gobe ƙiba na cikin manyan matsalolin lafiya a Chili. Tambari yana canza abin da ake saye, amma shi kaɗai ba ya warkar da al'umma.

Abin da ya bambanta Nijar

Kwafo dokar Chili yadda take ba zai wadatar ba, domin a Nijar rubutun jikin abinci yana da aiki na biyu: shaida cewa an ƙara wa abinci sinadaran da jiki ke buƙata. Tun shekarun 1990 aka wajabta sa iyod a gishiri don yaƙi da maƙoƙo da tawayar ƙwaƙwalwar yara. Ƙasashen UEMOA suna da tambarin ENRICHI da ake sawa a man girki mai bitamin A da garin fulawa mai sinadarin ƙara jini. Najeriya tana da tambarin ido a kan mai, fulawa da sukari. Waɗannan alamomi ne da ba sa buƙatar karatu, kuma sun nuna cewa tsarin tambari ba baƙo ba ne a yankin. Sai dai su ma suna tsayawa a jikin jarka. Bugu da ƙari, bitamin A na lalacewa idan mai ya daɗe a rana cikin farar leda ko gorar ruwa, iyod kuma na raguwa a gishirin da aka baza a faranti.

Akwai kuma haɗarin rikita mai saye. Kwali ɗaya na iya ɗauke da tambarin bitamin a gaba, alhali sukari ne na biyu a jerin kayan haɗinsa. Uwa ta ga hoton yaro mai ƙiba da kalmar bitamin, ta bar kunun gero da gyaɗa ta sayi abin da ya fi tsada bai kuma fi amfani ba. Duk dokar da za a yi sai ta hana kayan da suka wuce iyaka yin taƙama da lafiya.

Sai batun ƙananan masu sarrafa abinci na gida: ƙungiyoyin mata masu garin kunun yara, busasshen dambu da dage, masu kilishi da cuku, masu zoɓo da lemon tsamiya a gora. Gwajin sinadarai a ɗakin bincike yana da tsada, kuma kusan komai a Yamai yake. Idan aka ɗora masu nauyi ɗaya da manyan kamfanonin waje, za a kashe su a bar kasuwa ga mai shigo da kaya. Chili da kanta ta ba ƙananan masana'antu ƙarin lokaci. A nan za a iya fara wa da manyan kaya kaɗan da kowa ke ci, wato dunƙule, lemo, garin madara, abincin jarirai, biskit da mai, a bar na gida su bi a hankali da taimakon ANMC da jami'o'in jihohi.

Wa zai tabbatar da abin da aka rubuta?

Rubutun da ba a gwada gaskiyarsa talla ce kawai. Wanda ya iya goge ranar lalacewa ya buga sabuwa zai iya buga kowane jadawali. Ƙona kayan da suka lalace da hukumomi kan yi lokaci-lokaci a gaban ƴan jarida, musamman gab da azumi, na nuna cewa ana sa ido a kan kwanan wata. Auna yawan sukari ko bitamin kuwa aiki ne na daban, mai buƙatar na'urori, ma'aikata da kuɗin da ba ya yankewa.

Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma kaya da yawa na shigowa a kan babura ta hanyoyin da ba su bi ta gaban duwan ba. Rufe iyakar Benin tun 2023 ya karkata manyan motoci zuwa hanyar Lome da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, farashi ya hau. Idan kaya suka yi tsada, mai saye na neman mafi araha ne, kuma mafi araha shi ne wanda ya fi rashin bayani. Wannan ita ce hujjar da ƴan kasuwa ke kawowa: duk wani sabon sharaɗi, talaka ne zai biya. Hujjar tana da ƙamshin gaskiya, amma kuɗin manna takarda a kwali bai kai na maganin hawan jini na wata ɗaya ba, balle na wankin ƙoda, wanda sai an bar gari an tafi babban asibiti.

Siyasar yanki ma ta shigo ciki. Nijar ta fice daga CEDEAO a ranar 29 ga Janairu 2025, inda ake aikin daidaita ƙa'idojin kaya tsakanin ƙasashe 12, amma tana nan cikin UEMOA, tana kuma cikin ƙawancen AES da Mali da Burkina Faso. Kasuwar Nijar ita kaɗai ba ta da girman da za ta sa kamfanin Turkiyya ko Malesiya ya canza kwalinsa. Kasuwar ƙasashe 8 na UEMOA tana da wannan nauyi. Kuma tunda kaso mai yawa na kayan Maraɗi da Damagaram daga Kano suke zuwa, abin da NAFDAC ta yanke zai iso nan ko an so ko ba a so ba. Najeriya ta sabunta dokar rubutun jikin abinci a 2022, ta kuma sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari. Tattaunawa da ita a kan wannan batu na cikin abubuwan da rikicin siyasa bai kamata ya hana ba.

Matakan da ke hannu

Akwai abin da gwamnati za ta iya yi ba tare da jiran kowa ba. Codex ta yarda a manna ƙarin takarda da harshen masu saye idan na asali bai yi masu ba, kuma Aljeriya ta daɗe da wajabta Larabci a kan duk kayan da ke shiga ƙasarta. Ana iya ɗora wa mai shigo da kaya, tun a wajen duwan, manna takarda mai alama da gajeren rubutu da Hausa, da boko da ajami. Ana iya wajabta wa mai sayar da awo ya ajiye buhu ko jarkar asali a inda mai saye zai gani, a kuma hana sayar da garin man tsiro da sunan madara. Gidajen rediyon karkara, ungozomomi da ma'aikatan CSI, da zaman fada na matasa, su ne za su koyar da ma'anar alamar, kamar yadda aka yi da gidan sauro da rigakafi.

Kafin nan, mai saye na da ƴan dabarun kare kansa. A kayan Faransanci, « à consommer jusqu'au » na nufin kada a ci bayan ranar, « à consommer de préférence avant » kuma na nufin ingancinsa zai ragu bayan ranar. EXP ranar lalacewa ce, PROD ranar yi. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, da kwanan watan da aka goge ko aka manna wani a kansa, a bar su. A duba abu uku na farko a jerin kayan haɗi. A garin madara a nemi ganin buhun: idan akwai « matière grasse végétale » ko « huile de palme », haɗi ne, kuma ba na jariri ba ne. Abin sha da ya wuce giram 5 na sukari a mililita 100, da a Chili ne da baƙin tambari zai fito.

Hukumomin ƙasa sun sa ikon kai a fannin abinci cikin manyan manufofinsu, sun kuma ɗaga darajar Hausa a kundin ƙasa. Ofishin ministan kasuwanci da na kiwon lafiya suna da damar haɗa waɗannan biyu a takarda ɗaya da za su sa wa hannu tare. Wurin farawa a bayyane yake: buhun gari mai kilo 25 da ke shigowa da gargaɗi a jikinsa, ya fita daga kanti ƙulli-ƙulli babu gargaɗin.